Hoto a Sakkwato: sai da damina kaɗai ake samun mai kyau?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera. Kusan shekara guda ke nan ina ɗaukar hotunan gari da na daji, wani lokaci da waya, wani lokaci da tsohuwar kyamarar yayana. Da damina hotunan suna yin kyau, ko'ina kore shar. Amma da hunturu ya shigo komai ya koma kamar an watsa masa toka, lokacin zafi kuwa fuskokin mutane su fito baƙi ƙirin, sama kuma fari fat. Kayan aikina ne ba su da kyau, ko ƙasar tamu ce ba ta karɓar hoto sai da damina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna, kada kuma ka jefa kyamarar yayanka a akwati kana jiran ruwa ya sauka. Na shiga wannan sana'a tun zamanin fim, lokacin da sai an wanke kafin mutum ya ga ɓarnar da ya tafka, kuma cikin hotunan da nake ji da su a yau, mafi yawa ba da damina na ɗauke su ba. Abin da ke damunka shi ne kana neman hoton Agusta a cikin Janairu. Ina kuma zargin darussan bidiyon da kuke kallo a intanet suna da hannu a ciki, don yawancin masu yin su mutanen Turai da Amurka ne, inda rana ke tafiya a karkace, ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta faɗi. Mu nan muna kan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya. Ranarmu miƙewa take yi tsaye, ta faɗo tsaye. Wannan haske mai laushi, ruwan zuma, da suke ta yabo suna cewa yana kai awa guda, mu a nan in ka samu rabin awa ka gode Allah. A Janairu rana kan fito wajen ƙarfe bakwai, a Yuni kuwa wajen shida da kwata. Wanda ya tsaya karyawa kafin ya fita, ko ya tsaya jiran kabu-kabu bayan gari ya waye sarai, zai isa ne ya tarar an tashi daga kasuwar. Da yamma ma haka, tsakanin faɗuwar rana da duhu bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba.

Sai maganar kore da ka yi. Kore ba ya barin Sakkwato, wuri kawai yake sakewa. Da damina tudu ne ke yin kore, fadama kuwa ruwa ya shanye yawancinta. Da rani sai abin ya juya: tudu ya bushe ƙayau, ba komai sai kututturan gero da yashi, fadama kuma ta cika da albasa da tumatir da tattasai da shinkafar rani. Ka hau hanyar jami'a ka tsaya wajen Kwalkwalawa cikin Janairu ko Fabrairu, ka duba hagu da dama, sannan ka dawo ka gaya mini ko babu kore. Haka yake a Kware, haka a Wurno inda ake noman tafarnuwa da albasa, haka duk inda Gulbin Rima ya ratsa. Kuma koren rani ya fi na damina daɗin ɗauka, don yana da abokin tafiya: ga fangalin albasa kore, ga gaɓar gulbi ja a bayansa, ga tudu ruwan ƙasa can nesa. Launi uku ke nan a hoto guda ba ka yi wahalar komai ba. Ko itatuwa ba bakinsu ɗaya ba. Kuka tana zubar da ganye da rani ta tsaya tsirara, gawo kuwa sai damina ta shigo yake kakkaɓe nasa, ya dawo da shi bayan ruwa ya ɗauke. In ka samu wurin da kuka da gawo ke tsaye kusa da juna, ka samu abin ɗauka na shekara guda cur.

Bari in daɗe a kan hunturu, don shi ne ya fi ba ka haushi, ni kuwa shi na fi so. Wannan ƙura da iskar arewa maso gabas ke kawo mana daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, kaso mai yawa nata daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele. Abin da take yi wa hoto abu biyu ne. Tana cinye nesa, tana kuma rage tazarar da ke tsakanin wurin haske da wurin duhu. Shi ya sa in ka tsaya a fili ka nufi can nesa, kamar yadda ka saba yi da damina, ba abin da za ka samu sai toka. To, ka daina neman nesa. Ka nemo wani abu mai duhu ko mai launi ka sa shi kusa da kai, sauran kuma ka bar hazo ya yi aikinsa. Misali, ga mai jaki nan kusa, ya fito sarai. Bayansa ga goriba ta ɗan dushe, bayanta wata ta fi ta dushewa, can ƙarshe kuma hasumiyar masallaci kamar ana tunaninta ne. Wannan hawa-hawa na dushewa shi ne zurfin hoto, kuma masu zane sukan sha wahala kafin su kwaikwaye shi da fenti. Kai kyauta iska ta kawo maka har ƙofar gida.

Wajen saiti kuwa, kyamara ba ta san hazo ba. Ma'aunin hasken da ke cikinta an yi shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa tsaka-tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba. In ta ga duniya ta yi fari-fari, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, hoton ya fito a dagule kamar ruwan wanki. Ka nemi maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, ka ƙara kamar +0.7, wani lokaci har +1, ka ɗauka ka duba. Na biyu, saitin launi da aka rubuta wa WB, ka cire shi daga wanda kyamara ke zaɓa da kanta, ka mayar da shi kan alamar rana. In ka bar mata, za ta ga wannan ɗan ja-ja ko rawaya-rawaya na ƙura ta ɗauka kuskure ne, ta wanke shi, alhali shi ne ainihin kamannin ranar. Waya ma tana da wannan in ka shiga ɓangaren da aka rubuta Pro, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung. In kyamarar yayanka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, ka kunna shi, don ya fi ba ka damar gyara daga baya. Amma in ka zo gyaran, ka yi hattara da majanyin kawar da hazo na cikin Lightroom, manhajar gyaran hoto. Ɗan kaɗan gishiri ne. In ka ja shi ƙarshe, sama za ta yi datti, fatar mutane ta ƙone, kuma ka kori hunturun da ka fita ɗauka.

Ranar da hazo ya yi kauri sosai, har rana ta koma kamar farin faranti a sama, wannan ita ce ranar ɗaukar fuskar mutane. Haske ya bazu ko'ina, babu inuwa mai kaifi, ba mai runtse ido, kana iya aiki tun hantsi har la'asar. A irin ranar duk wani launi da ke kusa sai ya yi tsalle ya fito: jar akuyar nan tamu da fatarta ta yi suna har Turai, tulin tumatir, rawayen jarkokin 'yan garuwa, shuɗin rawani. Da sassafe kuwa ka nufi wajen mai shayi ko mai ƙosai, ka tsaya yadda rana za ta kasance bayan tukunyar, ba bayanka ba. Tururi da hayaƙi ba sa fitowa a hoto sai haske ya bugo su ta baya, kuma sai bayansu da ɗan duhu, kamar bango ko inuwar rumfa. Mutane sun ƙudundune cikin bargo da hular sanyi, hannu biyu riƙe da kofi, wani ya miƙa tafi ga wuta. Wannan ba ka samun shi a Agusta ko da kuɗi. Abu ɗaya: kada ka leƙa rana kai tsaye ta cikin madubin kyamara, musamman da dogon gilashi mai jawo nesa, ko da ta yi kamar ba ta da ƙarfi. Ido ba a sayar da shi a kasuwa.

Sai dai ƙurar da ke ba ka hoto ita ce ke cin kayan aikinka. Ina sabon shiga na taɓa goge gilashin kyamara da hannun rigata, sau da yawa a rana, ina ganin tsafta nake yi. Kafin hunturun ya fita gilashin ya yi zane-zane sirara, duk hoton da na ɗauka ina fuskantar haske sai ya yi kamar an shafa masa mai. Ƙurar nan akwai ƙwayoyin yashi a cikinta, gogewa a bushe daidai yake da karzawa. Ka sayi 'yar robar nan ta hura iska, mai aiki kamar zugazugin maƙera, ka fara hurewa, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi da ka ɓoye cikin leda don wannan aiki kaɗai. Kada ka cire gilashi ka sa wani a fili. Na yi haka sau ɗaya a kasuwar Kara, shanu suna tayar da ƙura, washegari na ɗauki biki guda, kowane hoto da ɗigo uku a wuri ɗaya, na kwana biyu ina goge su ɗaya bayan ɗaya. In dole ne, ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa. In kana son sanin ko ƙura ta hau sensa, wato farantin da ke karɓar haske a ciki, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki sama ko farin bango. Duk ɗigon da ke nan zai tona kansa. Ita waya magananta da sauƙi, yawancin hazon da ke hotunan waya maiƙon yatsa ne da man da aka shafa saboda kaushi.

Bazara kam ba zan yi maka ƙarya ba, ita ce mai wuya. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma yawancin kyamarori a takardarsu an rubuta iyakar aikinsu digiri 40 ne, wasu wayoyin ma 35. Kada ka bar ta cikin motar da aka kulle, kada ka rataya baƙar jaka a rana, batir ma zafi na rage masa kwana. Wajen ƙarshen Afrilu rana kan bi ta tsakiyar kanmu daidai, ta sake yin haka bayan tsakiyar Agusta, har in ka tsaya da azahar inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. Hasken da ke saukowa daga tsakar ka shi ne ke mayar da ramin ido baƙi, ya sa inuwar hula ko rawani ta rufe rabin fuska. Ga kuma farar riga, ga farin yashi, ga farar sama, duk sun taru sun ruɗi ma'aunin kyamara ta rage haske, fuskar ta ƙarasa nutsewa. Abin da ka gani ke nan. A waya, ka taɓa fuskar mutumin a allo, ka ja alamar ranar sama kaɗan. A kyamara, ka auna hasken daga fuska, riga ta yi yadda ta ga dama.

Amma gyaran gaskiya shi ne ka fitar da mutum daga rana. Ba ni da ɗakin ɗaukar hoto da ya kai ƙofar zaure da tsakar rana. Ka zaunar da dattijo taku ɗaya daga ciki, yana fuskantar waje, kai kana tsaye a bakin ƙofa. Yashin da rana ke duka a waje zai mayar da haske cikin fuskarsa daga ƙasa, bayansa kuma duhun zaure ya zame maka labule. Ka gwada wannan sau ɗaya ka ga. Inuwar da za ka guje wa ita ce ta dogon yaro, duk da shi ne ya cika titunanmu, don haske na zubowa ta tsakanin ganye ya yi wa fuska dabbare-dabbare. In ba makawa, ka matsar da mutumin kusa da gindin itacen inda inuwa ta fi haɗewa. Rumfar kasuwa mai shuɗin tamfol ma tana rina fata, ka lura. Ita kuwa sama, tunda ba ta da abin ba ka a wannan lokaci, ka fitar da ita daga hoton. Ka sunkuyar da kyamara ka ɗauki ƙasa: tsagewar laka a tafkin da ya ƙafe, sawun raƙumi a yashi, shanu sun gangaro inda gulbi ya tsuke, masu ɗiban yashi a cikinsa, tulin albasa bayan an cire. Bangon rumbu da na tsohon gidan ƙasa, ka je masa da sassafe lokacin da haske ke gogarsa ta gefe, har sawun yatsun magini za ka gani. Yawancin hotunan bazara sun fi kyau in an mayar da su baƙi da fari, tunda dama launin ya ƙone, siffa da inuwa ne suka rage.

Da ka fara ganin shamuwa a kan itatuwa, ka riƙa kwana da batir a cike. Hasken da ya fi kowane a shekara, a wurina, yana zuwa ne da hadarin farkon damina, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, sau da yawa da jan bango na ƙura a gabansa. In ya taso bayan la'asar, rana tana yamma ba abin da ya rufe ta, sai ta haske ƙasa da gine-gine da fararen riguna, bayansu kuma sama ta yi baƙi ƙirin. Ka ba rana baya, ka fuskanci gabas. A nan kam rage haske za ka yi, kamar -0.7, don kyamara za ta so ta wanke baƙin hadarin. Minti biyar ne ko goma, iska ta iso, shi ke nan. Saboda haka tun kafin ranar ka san inda za ka tsaya, ba lokacin za ka fara yawon nema ba. In iskar ta iso kuma ka nemi mafaka, kwanon rufi na tashi a irin wannan iska. Walƙiya da dare ana ɗaukarta ne daga baranda ko taga, kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku ko a kan bango, ƙofar haske wajen f/8, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a kan 100, ka bar ta a buɗe daƙiƙa goma ko ashirin, ka yi ta maimaitawa har ɗaya ta faɗo ciki. Ba a tsayawa tsakiyar fadama da ƙarfe a hannu ana tsawa, ba a fakewa gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Damina ka riga ka iya ta, ba zan ja ba. Gargaɗina dai, kore shi kaɗai ba hoto ba ne. Gonar gero daga nan har inda ido ya tsaya tana da daɗin kallo a tsaye, a hoto kuwa tabarma ce kawai, sai ka sa mata mai noma, ko turba, ko balbela a bayan saniya. Wayoyi kuma suna ƙara wa kore wuta har ya koma kamar na leda, ka ɗan rage. In za ka sayi abu ɗaya a bana, ka sayi filtar da ake kira CPL, wadda ake murzawa a bakin gilashi. Tana kashe ƙyallin ganye da na ruwa, ta fito da gajimare, kuma ta fi aiki in rana tana gefen kafaɗarka. Da hazo ba ta da wani amfani, cire ta za ka yi. Safiyar da aka kwana ana ruwa ita ce ranar hangen nesa, iska ta wanku tas. A Agusta kuma abokin gabarka laima ne: kada ka rufe kyamara cikin jaka mai danshi, fumfuna na tsirowa cikin gilashi, ka tara 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ka zuba a jakar. Gulbi in ya kawo ba wasa ba ne. Mu da muka ga ambaliyar 2010, da ta yanke hanyar jami'a, ba mai gaya mana. Kada ka tsaya bakin gaɓar da ruwa ke ci ta ƙasa, kada ka shiga kwalekwalen da aka cika maƙil don neman hoto.

Kaka gajera ce, ita ce kuma matasa suka fi bari ta wuce su. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai iso ba, ƙasa ta koma ruwan zinariya. Ga dammunan gero a jingine, ga amalanke da jakuna suna jigila, ga rumbuna ana cikawa. Inda ake sussuka da shiƙa, ka bi dabarar tururin shayi: rana a bayan ƙaiƙayin, kai kana fuskantarta, amma ka sa saurin ƙiftawar kyamara ya kai 1/1000 na daƙiƙa in kana son kowace ƙwaya ta tsaya cak a iska. In ka sauke shi zuwa 1/60 sai ƙaiƙayin ya zama kamar zubar ruwa. Duka biyun suna da kyau, ka ɗauki kowanne. Ka kuma tsaya ta inda iska ke fitowa, in ba haka ba kai da kyamara za ku kwana kuna susa.

Akwai kuma kalanda ta biyu da ke tafiya a kan wannan. Shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kwana goma ko sha ɗaya, don haka azumi da salla suna zagaya lokutan nan, sai bayan kamar shekara 33 su dawo inda suka faro. Azumin 2015 cikin Yuni da Yuli aka yi shi, na 2025 kuwa a Maris. Ke nan hawan sallar da ka ɗauka a ƙofar fadar Sarkin Musulmi cikin zafi, in wannan sallar ta fice daga lokacin zafi, ba za ta dawo masa ba sai ka yi furfura. A filin idi jama'a gabas suke fuskanta, rana tana gabansu, in kana bayan sahu za ka samu siffofi ne da gefen haske a kafaɗu. Hakan ma ya isa. Ba a ratsa gaban masu salla saboda hoto, kai ma sallar ta kawo ka.

Wannan ya kawo ni kan mutane, don hoton gari ba ya yiwuwa sai da su. Sallama tana gaba da kyamara. Wata shekara a fadama na ga wani tsoho yana ban ruwa, haske ya yi daidai, na ɗaga kyamara ban ce komai ba. Ya miƙe ya dube ni ya ce, "Yaro, mi za ka yi da hoton ga? In ni kaka so, bari in tai gida in sanyo rigata ta kirki. In ko albasa kaka so, ɗauki, ita ba ta da kunya." Na ji nauyi ƙwarai. Na ajiye jaka, muka gaisa, na faɗi daga inda nake. Bayan mako biyu na kawo masa hoton a takarda, daga nan har ya rasu gonarsa a buɗe take gare ni. Ka riƙa wanke hoto kana mayar wa masu shi, kuɗin ba yawa. Wanda ya ce a'a, ko don addini ko don ra'ayinsa, ka ce to, ka sauke. Mata ba a ɗaukarsu sai da izininsu, in a gida ne da na masu gidan, kuma mashaya ko bakin gulbi inda ake wanka da wanki ba wurin kyamara ba ne. Yaran makarantar allo, malaminsu za ka fara gani, kuma ka tambayi kanka ko za ka so a watsa hoton ƙanenka a wannan hali. A Hubbaren Shehu ka tambayi masu kula da wurin inda aka yarda da inda ba a yarda ba. Shingen jami'an tsaro da bariki ka sauke kyamara tun daga nesa, jirgin nan marar matuƙi kuma yana buƙatar izinin hukuma. Sannan ka san halin da gabashin jihar ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni da kewayensu. Ko madatsar ruwa ta Goronyo za ka, sai ka tambayi 'yan garin yadda hanya take a wannan makon, ka tafi da ɗan gari, ka dawo da rana.

Ga aikin da zan ba ka, in ka yarda. Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka iya kaiwa cikin minti ashirin daga Mabera, wanda ke da itace da ƙasa da sama, in da hali da ruwa ko hanya. Ka sa alamar inda ƙafarka ta tsaya, dutse ko turken wuta. Ranar farko ta kowane wata, rabin awa bayan fitowar rana, ka je ka ɗauki hoto guda, da gilashi ɗaya, daga tsayi ɗaya, kana duba na watan jiya don gefuna su yi daidai. Ko hazo ko ruwa ko azumi, ka je. Za ka lura rana ba wuri ɗaya take fitowa ba, a Yuni ta karkata arewa, a Disamba ta karkata kudu, inuwar itacen tana juyawa da ita. Ka daidaita kwanan watan cikin kyamarar, ka ajiye hotunan wuri biyu, kuma kada ka dogara da wanda ka tura ta WhatsApp, matse shi take yi, sai in ka tura shi ta wajen da aka rubuta Document. In sun cika sha biyu ka wanke su ka jera a tabarma, ka turo mini in gani.

Ni nawa wurin wani gawo ne a gefen hanyar Wamakko, da gonar gero a gabansa da turbar shanu ta gefe. Na yi shekaru ina zuwa masa. Bara bayan kaka na je na tarar an sare shi, an ja igiya, an fara haƙa harsashin gini. Dutsen da nake takawa yana nan, sai na hau na ɗauki harsashin, da tulin bulo a inda inuwar take faɗawa. Ranar ɗaya ga wata mai zuwa ma can zan yi sammako.